Surukina da Sanduna Takwas

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Surukina, mahaifin maiɗakina, ya riga mu komawa wata Talata da hantsi, a bukkarsa ta bakin kogin Komadugu. Muka kawo shi Diffa, muka yi masa sutura bayan azahar.

Ban taɓa sanin yana da masoya haka ba. Tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Direbobin otogar, wato tashar mota, sun zo, dillalan tattasai sun zo, masu shagunan kayan mota sun zo. Wani direba da ya fi shekara goma bai kai masa ko keke gyara ba ya riƙe hannuna yana cewa, "Hannun Baba magani ne. Injin da ya taɓa ba ya sake ciwo." Wani ya ce daga nan har Damagaram ba a ƙara yin makanike irinsa ba. Wani har da goge hawaye da bakin rawani.

Ana cikin haka sai ga wana, Alhaji. Aka matsa masa wuri a tsakiyar tabarma. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa, sannan ya ce da ƙarfi yadda na nesa ma zai ji, "Wallahi mun yi rashin mai amana. Duk abin da ka bari a garajinsa, haka za ka dawo ka tarar da shi."

Jama'a suka amsa, "Gaskiya ne, Alhaji."

Na tashi na shige cikin gida, don in na ƙara minti ɗaya a wurin ban san abin da bakina zai aikata ba. Maiɗakina tana zaune cikin mata, ta ɗago ta dube ni. Ta ji muryar wana ta kan katanga. Ta mai da kanta ƙasa.

Na san da sanyin zuciya ake rubuta ta'aziyya. Tawa da zafi nake rubuta ta, masu karatu su yi mini haƙuri. Mutumin nan garin nan ya kira shi ɓarawo, kuma ni ina tsaye a wurin.

Ɗan kwarin Komadugu ne, Babarbare, iyaye da kakanni manoman tattasai. Shi kaɗai a gidansu ya bar gona ya bi manyan motoci yana saurayi, lokacin da hanyar Gigimi rairayi ce zalla, mota ta lalace maka ba wanda zai zo sai bayan kwanaki. A can ya koyi aiki. Da ya gaji da yawo ya kafa rumfar kwano a bayan otogar, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, nan ne garajinsa. Hausarsa da harshen Barebari take fita, mota ma "shi" yake ce mata, direbobi suna kwaikwayonsa in ya ba da baya.

Ba zan ce mai sanyin hali ba ne, don ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba. Yana da faɗa. In yana sauraron inji ka yi masa sallama, ba zai amsa ba sai ya gama, ko kai waye. Ya taɓa jifan wani kwandasta da sifana don ya zauna a kan kwalin da ya jera kayan inji. Ya taɓa ɗauke sabon farin zanen surukata ya shimfiɗa ya zuba bawul ɗin inji a kai, wai na garaji ya yi datti. Maganar nan ta yi wata guda ba ta mutu ba a gidan. In ka ce masa abu lafiya lau yake, tambayarsa ɗaya ce: "Ka auna, ko dai ka duba?"

Ni daga Damagaram na zo. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, wana ne ya riƙe ni, shi ya kai ni koyon tuƙi, da ya buɗe shago a Diffa ya shiga harkar tattasai ya kira ni ya ba ni kat-kat ɗinsa mai buɗaɗɗen baya. Ina bin ƙauyukan bakin kogi ina kwaso buhuna. Motar ce ta kai ni garajin Baba, garajin ya kai ni gidansa, na auri ƴarsa ta uku. Wana ne ya tsaya mini a auren, daga goro har ɗakin da muka tare.

Bayan aure kunya ta hana ni sakewa. Ba na haɗa ido da Baba, ba na cin abinci a gabansa. Ran da na fara kai mota bayan biki na durƙusa can nesa ina gaisuwa. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota ya ce, "A gida kai suruki ne. Nan direba ne kai. Taso ka riƙe mini wannan." Daga ranar duk gyaran motata ina gefensa, hannuna cikin baƙin mai.

Abin ya faru ne a kakar tattasai, shekarar da ta biyo bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa, lokacin da kayan mota suka yi wuta. Ina dawowa daga wajen Tumur da lodi, robar ruwa ta fashe, allurar zafi ta hau ja. Maimakon in tsaya sai na ce bari in lallaɓa in kai gari. Laifina ne, tun daga nan ma. Kafin in iso inji ya dahu. Baba ya buɗe, ya ɗora ƙarfen awo a kan kulas, wato murfin injin na sama inda bawul suke, ya ga ya lanƙwashe. Aka kai kulas Maiduguri aka kankare fuskarsa ta daidaita. Wana ya sayo sababbin kaya: bawul takwas, gasket, zobba, da sauransu. Ni da hannuna na yage ledojinsu, na miƙa wa Baba ɗaya bayan ɗaya. A riƙe wannan, don zai yi amfani.

Kwana biyu ya yi yana haɗawa, komai ya tafi daidai, har aka zo kan sanduna.

Ga wanda bai san cikin inji ba: irin wannan injin yana da sandunan ƙarfe takwas, sirara, kowace ba ta kai kamu ɗaya ba. Ƙasan sandar yana zama cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai shan mai, samanta kuma yana tura ɗan hannun da ke buɗe bawul. In an ɗaure komai, dole sandar ta ɗan danna cikin ƙoƙon, kaɗan ƙwarai. In ba ta danna ba, inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa cokali. In ta danna da yawa, bawul ba zai rufe ruf ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye shi.

Baba yana da wani ɓallin gilashi na tagar tsohuwar bas, a nannaɗe cikin tsumma yake ajiye shi. Ya wanke hannu da isans, wato fetur, ya wanke da sabulu, ya shimfiɗa gilashin. Ya ɗauki sandunan ɗaya-ɗaya yana mirgina su a kai, kunnensa a kusa. Wadda ta lanƙwashe takan yi ɗan tsalle, ka ji ƙas-ƙas. Duk takwas suka mirgina sumul. Na ce a raina an gama, gobe ina kan hanya.

Ya zura su a mazauninsu. Ya juya inji da hannu har bawul na farko suka rufe. Sai ya kama sandar farko da yatsa biyu yana murza ta, ɗaya hannun kuma yana ɗaure noti a hankali. Tana juyawa, tana juyawa, sai ta tsaya. Nan ya tsaya shi ma, ya ɗauki alli ya yi ɗigo a kan sifana. Daga nan ya ci gaba da ɗaurewa yana ƙirga zagayen ɗigon har notin ya kai ƙarshe. Na ga ya ɓata fuska. Ya kwance ya sake. Ya koma ta biyu, ta uku, har ta takwas, yana juya inji kowane karo, yana rubuta wani abu da alli a jikin ƙofar mota. Aka kira azahar, ya je ya dawo, ya sake bi daga farko.

"Zo nan," ya ce. "Sa hannunka."

Na kama sandar ina murzawa, shi yana ɗaurewa. Na ji lokacin da ta daina juyawa, kamar an riƙe ta daga ciki.

"Daga nan rabin zagaye ya kamata, ya yi yawa zagaye ɗaya, noti ya zauna. Ƙirga."

Na ƙirga. Sai da ɗigon allin ya kusa zagayawa sau biyu.

"Sanduna sun yi tsawo," ya ce.

Na ce, "Baba, ai su ne na cikinta tun asali."

"Su ba su ƙaru ba. Rufin ne ya sauko." Ya buga kulas da bayan yatsa. "Wanda ya sayar wa wanka motar nan ya taɓa kankare shi. Yanzu ƴan Maiduguri sun ƙara. Da sanyi bawul zai rufe da ƙyar. In inji ya ɗauki zafi, ga lodi, ga rairayi, ba zai rufe ba."

Magani biyu ne, in ji shi. Ko a nemo gajerun sanduna daga Maiduguri, in ma akwai, ko ya yanko ƴan falle daga bakin zarto, ya goge su da hannu har kaurinsu ya zama ɗaya, ya sa a ƙarƙashin mazaunin hannayen bawul su ɗan ɗaga, sannan ya sake auna takwas ɗin. Kwana huɗu.

Da la'asar wana ya zo. Buhunansa suna jibge a ƙauyuka uku, masu saye daga tsallaken iyaka za su zo kasuwa jibi. Baba ya yi masa bayani kamar yadda ya yi mini, har ya miƙa masa sandar ya taɓa. Wana bai karɓa ba, farar shadda ce a jikinsa.

"Tsawon nan da kake faɗa, ya kai me?"

"Ya ɗan fi kaurin farce."

"Kaurin farce! A kan kaurin farce za ka zaunar mini da mota kwana huɗu, Baba? In an rufe injin haka ba zai tashi ba ne?"

"Zai tashi, Alhaji. Zai ma yi daɗin ji. Amma ba zai kai ka Boso ya dawo da kai ba."

"Ku tsofaffin nan haka kuke, sai kun nuna wa mutum kun fi shi sani. Na sayo maka komai sabo, me kuma kake nema?"

Mutane suka fara taruwa. Wana ya juyo gare ni. "Kai ne direba, kai kake nan tun safe. Abin da yake faɗa gaskiya ne?"

Alli yana hannuna. Baƙin man sandar yana yatsuna. Na dubi wana, mutumin da ya ciyar da ni tun ban san ciwon kaina ba, ransa a ɓace a gaban jama'a. Na ce, "Ni dai, Yaya, ban sani ba."

Baba bai dube ni ba. Ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa, yatsa bayan yatsa. Ya ce, "Ni ba na rufe shi haka. Ka ɗauki abinka."

Aka zuba sauran kayan a kwali, aka ɗaura igiya aka ja motar zuwa wurin wani sabon makanike a bakin kasuwa, wanda ake yabo da saurin hannu. Washegari kafin azahar ya rufe inji. Ya tashi bugu ɗaya, sauti sumul kamar sabo. Wana ya sa na bi da ita ta bayan otogar, ta gaban bedin Baba, ya ce in taka mai sosai.

Na taka. Wannan ma ni na yi.

Kwana biyu tana aiki. Rana ta uku, da tsakar rana, cike da lodi, cikin rairayin bayan Tumur, ta fara rage ƙarfi. Ta yi tari, ta yi harbi, ta yi shiru. Sai da kamiyo, babbar motar kaya, ya jawo mu. Sabon makaniken ya buɗe a gaban wana, ga bawul biyu wuta ta ci gefensu kamar ɓera ya gaigaye. Ya juya su a tafin hannu, ya san aikinsa ne, ya san kuma wana yana jiran wanda zai kama. Sai ya ce, "Alhaji, waɗannan ai ba sababbi ba ne. An musanya maka."

Kafin magariba wana yana tsaye a tsakiyar otogar da bawul ɗin a hannu, yana nuna wa duk wanda ya wuce. "Ku gani! Tsohon nan ya cire sababbin kayana ya zuba mini tsofaffi. Shi ya sa yake ta jan lokaci da maganar sanduna, so yake ya sami damar ɓoye sawu."

Wani dattijo mai yankan tikiti ya ce, "Haba Alhaji, Baba kuwa? Ga surukinsa nan, a tambaye shi mana."

Duk suka juyo. Ni na yage ledojin nan. Ni na ga Baba yana goga kowane bawul a mazauninsa. Kalma biyar ta isa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Wani ya ce, "To, kun gani. Surukinsa ma bai musa ba."

Shi ke nan. Ba alƙali, ba rantsuwa, ba komsariyar ƴan sanda. Shirun da na yi shi ne shaidar da ta kashe shi.

Ba rana ɗaya garajin ya mutu ba. Motoci suka riƙa raguwa. Waɗanda suke zuwa sai su kawo kujera su zauna a kansa, idonsu a kan hannunsa, mutumin da a da kake bar masa mota da makulli ka tafi Makka ka dawo. Na ƙarshe wani ɗan kasuwa ne, yana cikin waɗanda suka fi kowa doguwar addu'a a zaman makokin nan. Ya kawo sababbin kaya, ya fito da gwangwanin jan fenti a gaban Baba, ya ɗiga wa kowane ɗaya alama, ya ce, "Ba wai don wani abu ba, Baba." Baba ya tsaya yana kallo har ya gama. Sannan ya tattara sifanunsa cikin akwatin ƙarfe, ya ɗora a amalanke, ya koma ƙauyensu a bakin kogi. Ko rumfar bai kwance ba.

Har da Baban nake fushi, Allah Ya gafarta mini. Me ya hana shi magana? Mutumin da yake jifan kwandasta da sifana a kan kwali, aka kira shi ɓarawo a tsakar kasuwa bai ɗaga murya ba. Da ya zo gidana ya zage ni, da ya ce ƴarsa ta tattara kayanta, da na sami abin riƙewa. Bai yi ba. Da aka yi sunan ɗana na fari ya zo, ya zauna tabarma ɗaya da wana, ya ce masa, "Wushe, Alhaji," suka gaisa. Duk kaka sai buhun tattasai da ƙullin bandar kifi sun iso gidana daga wurinsa. Na ci kifin nan shekara da shekaru, ban taɓa jin daɗinsa ba.

A bakin kogi ya koma gyaran motofom, ƙananan injinan ban ruwa na masu tattasai. Mutumin da ya haɗa injin manyan motoci ya dawo kan abin da ake ɗauka a ka. Amma bai rage komai ba. Su ma suna da ƴan sanduna biyu, kuma sai ya mirgina su, sai ya auna tazarar bawul da reza, ko mai gona yana tsalle a kansa. Manoma sun fi ƴan birni haƙuri, ko kuma ba su da wani. Wata gwauruwa, maƙwabciyarsu, ta gaya mini a wurin makoki cewa injinta ya taɓa tsayawa tattasai yana cikin fure, kwana biyu babu ruwa. Baba yana fama da ƙafa a lokacin. Ya sa aka ɗora shi a jaki har gonar, ya zauna cikin taɓo daga hantsi zuwa la'asar. Da ruwa ya fito ta kawo masa kaza, ya yi mata faɗa, wai me ya sa take zuba man da ƙasa ta shiga, ya ce ta mai da kazarta. Ita ba ta yi dogon yabo ba. Ta faɗi wannan ta yi kuka ta tafi.

Ganina da shi na ƙarshe wata biyu ne kafin rasuwarsa. Na kai maiɗakina da yara, suka shige wurin surukata, ni na same shi a inuwar bukka da wani motofom a buɗe tsakanin ƙafafunsa. Idonsa ya yi rauni, da yatsa yake gani. Na durƙusa na gaishe shi. Na daɗe ina juya maganar a bakina, shekara goma sha ina juya ta.

Na ce, "Baba, maganar motar nan ta Yaya…"

"Wace?" Bai ɗago ba.

"Ranar da ya tambaye ni. Da ranar otogar."

Ya ci gaba da murza ƴar sandar da ke hannunsa. Can ya ce, "Wanka tun a ranar na yafe masa. Bai san inji ba. An nuna masa ƙonannen ƙarfe, an gaya masa magana, ya ɗauka." Ya ajiye sandar a kan tsumma. "Kai kuwa ka sa hannunka. Ka ƙirga."

Na sunkuyar da kai.

"Kai ka ba ni wahala," ya ce. "Na yi azumi uku ina cewa na yafe, in na duba zuciyata in ga ban yafe ba. A na huɗu ya tafi." Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. "An gama. Ba ni sifana goma."

Na ba shi. Na zauna na riƙe masa injin har ya rufe. Ba mu sake maganar ba.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, maiɗakina ta same ni a tsakar gida da safe. Shekarun nan duka ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko a cikin faɗa. Ta ce, "Baban yara, ka san abin da ya hana Baba kai ƙara?"

Na ce ban sani ba.

"Yayyena sun so su kai. Har sun je wurin mai unguwa. Baba ya hana. Ya ce in aka je gaban alƙali kai za a kira shaida, a ɗora maka Alƙur'ani. Ko ka rantse a kan ƙarya ka hallaka, ko ka ƙaryata wanka ya kore ka. Ya ce ko wanne aka yi, gidana ne zai rushe." "Ya zaɓi garajinsa ya rushe. Ni ban ce ka yi komai ba yana raye, don ya hana ni. Yanzu ba ya nan. Inda aka faɗi ƙaryar, can za ka je ka faɗi gaskiyar."

Na fara da wana. Na same shi a shago, na ce ina da magana. Na gaya masa bawul ɗin nan sababbi ne, ni na buɗe su, Baba bai musanya komai ba, sanduna ne suka ƙone su kamar yadda ya faɗa. Ya dube ni yana ƙoƙarin tunawa.

"Wace motar? Farar nan?" Ya yi tsaki. "Kai har yanzu kana kan wannan? Mutum ya rasu, mun yi masa addu'a, ka bar shi ya huta mana."

Ya manta. Da gaske ya manta. Abin da ya kori dattijo daga sana'arsa, shi a wurinsa ɓacin ran wata kaka ne da ya wuce. Na ɗaga masa murya, karo na farko a rayuwata, har ma'aikatansa suka fita waje. Abin da na ce masa tsakanina da shi ne. Har yau ba ya amsa gaisuwata, ni ma ban matsa ba.

Daga nan na wuce otogar. An sare bedin, mai sayar da katin waya ne a wurin. Na tsaya a tsakiya, inda wana ya tsaya, na ce jama'a su saurare ni. Na faɗi komai, da ƙarfi, har da ƙirgan da na yi da shirun da na yi. Yawancin direbobin samari ne. Suka saurara cikin ladabi. Da na gama wani ya tambayi na kusa da shi, "Wane tsoho yake nufi?"

Dattijon nan mai yankan tikiti yana nan, ya tsufa ƙwarai. Ya yafito ni. Ya ce, "Ɗana, ka sauke nauyi, Allah Ya yi maka albarka. Amma ai mun sani."

"Kun sani?"

"Tun tuni. Wancan makaniken bai shekara biyu ba ya gudu, injin mutane nawa ya ƙona. Kowa ya gane Baba bai ɗauki komai ba."

Na ce, "To me ya hana ku zuwa ku gaya masa? Me ya hana ku dawo da shi?"

Ya sosa gemu, ya dubi layin motocin da ke jiran fasinja. "To, ka san Baba," ya ce. "Aikinsa akwai jinkiri."

Allah Ka jiƙan surukina. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka karɓi aikin hannunsa, Ka yafe masa faɗansa da zafin ransa. Ka ba surukata da ƴaƴansa haƙurin rashinsa. Mu kuwa da muka cika tabarmi muna shafa addu'a, ni a kan gaba, ban san da wane baki zan roƙa mana ba.